Keke Biyu

Hamajoda tela ne a Yelwa ta Garwa,
shekara talatin ƙafarsa na kan feda.
Yanzu zuciyarsa ce ke tsallake ɗinki:
ta yi uku a jere, ta tsaya, ta ruga,
kamar zare ya sarƙe ƙarƙashin allura.

Ni ce likitarsa. Ƙwayoyina sun gaza.
Saura a zura siririyar waya
ta jijiyar cinya har ɗakin zuciya,
a kashe wurin da ke ta da tarzoma.
Aikin sai an yi doguwar tafiya.
Ɗansa Nuruddini ya sayar da fili a hanyar Pitowa,
ya zo da sefa a jakar leda, ya ce:
"An ce na'urar iri biyu ce,
ɗaya da zafi take aiki, ɗaya da sanyi.
Wacce?"

Na kwana a kan takardu,
fanka tana juya mini zafin Afrilu.

Binciken farko ya ce sanyi ya fi.
Na gangara inda rubutu ke ƙanƙancewa:
ba ƙuri'a aka jefa wajen rabon majinyata ba,
likitoci ne suka tsince da ido.
Masu jini a jika aka kai wa sabuwa,
masu sukari da kumburin ƙafa aka bar wa tsohuwa.

Na biyu ya ce zafi ne gaba.
Wata shida suka bi sawu, suka rufe littafi.
Zuciyar da ta yi tuntuɓe a wata na bakwai
ba ta da layi a jadawalinsu.
Yini guda suka maƙala abin saurare a ƙirji,
alhali ɓarawon da ya zo ran Talata
mai gadin Litinin zai rantse bai gan shi ba.
Mutum arba'in sun daina zuwa.
Ba a ce sun warke ba, ba a ce an binne su ba,
an dai share sunansu, lissafi ya yi sumul.
A shafin ƙarshe akwai godiya
ga wanda ya biya kuɗin aikin.
Shi ya ƙera na'urar.

Na nemi mai kama da Hamajoda a cikinsu,
wanda zazzaɓi ke kayarwa duk damina,
wanda zai dawo gida
kwana biyu tsakaninsa da mai duba shi.
Har aka kira assalatu ban same shi ba.

Da safe na faɗa musu yadda na gani, ban rage ba.
Nuruddini ya ɓata rai: ya zo sayen amsa ne.
Tsohon kuwa ya yi dariya har da tari.

Ya ce: "Wani dillali ya taɓa kawo mini keke biyu.
Sabon ya ba babban yarona da yadi mai laushi,
tsohon ya ba ɗan koyo da buhun auduga,
sannan ya ce in dubi bambanci.
Na ce a musanya hannu, a musanya yadi,
a dawo bayan wanki goma.
Bai dawo ba."

Ya miƙo mini hannu. Na dafa jijiya:
uku, shiru, sai gudu.

"Likita, bar zancen keke.
Shi wanda zai zura wayar,
riga nawa ya ɗinka?
Nawa aka dawo masa da su?"

Wannan ma ba ya cikin takardun.
Na ɗauki waya, na fara neman lamba.
Ta taga ina hango Binuwai,
ta janye har yashi ya fito,
mata suna ta shanya a kai.